Ƙofofin da muka bi kafin mu ɗauki fim ɗin minti 12 a Nima

Duk shekara ana raba ɗaliban ajin ƙarshe na sashenmu rukuni-rukuni, a ce kowane rukuni ya kawo gajeren fim, kuma ba a rasa 'yan zango da za su ce su a unguwa za su yi nasu. Takardar da sashe ke bayarwa shafi biyu ce kacal: tsawon fim, ranar miƙawa, yadda za a raba maki. Ba ta ce uffan ba a kan wanda za ka gani kafin ka kafa kyamara a ƙofar gidan mutane ƙarfe 11 na dare. A rukuninmu na mutum shida ni aka ɗora wa wannan ɓangaren, wato takardu, kuɗi, neman izini da cikin ma'aikata. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka bi daki-daki saboda ƙannenmu da ke tafe, musamman masu sha'awar fim mai sa faɗuwar gaba irin namu. Na soyayya ko na barkwanci ba ya bukatar rabin wannan zirga-zirgar.

Labarin namu ba shi da yawa. Wata budurwa ce mai kiyos ɗin MoMo, wato tura kuɗi da cirewa ta waya, a bakin titi. Ta rufe da dare, ta ɗauki jakar cinikin yini, wutar lantarki ta ɗauke, sai ga saƙo a wayarta daga lambar da ba ta sani ba, yana faɗa mata launin mayafin da ke jikinta. Daga kiyos zuwa gida 'yar tafiya ce ta cikin lunguna, kuma fim ɗin gaba ɗaya wannan tafiyar ce. Wanda ya san Nima, unguwar zango da ke Accra a Ghana, ya san lungunan da nake nufi, waɗanda mutum biyu ba sa jerawa, kwata a tsakiya, kwanon rufin wannan gida ya kusa taɓa na wancan. Mai ba da umarninmu ɗan Sabon Zango ne, mai ɗaukar hoto 'yar Aboabo ce ta Kumasi, ni kuma haihuwar Mamobi. Sauran ukun ba sa jin Hausa sai gaisuwa.

Ƙofar farko ita ce ta malamin da aka ba mu ya duba aikin. Babu abin da ke motsi sai ya sa hannu a kan rubutaccen labari, don haka ku kai masa bugagge a takarda, kada ku tura ta WhatsApp ku zauna jira. Yana da ranar ganin ɗalibai, kuma a ranar bencin ƙofarsa cike yake, wanda ya riga zuwa shi ke shiga. Lissafin da ake bi shi ne shafi ɗaya na labari minti ɗaya ne a allo, mu kuwa shafi 19 muka kai alhali iyakarmu minti 12. Ya ɗauki jan biro ya soke tseren mota, ya soke bindiga, ya soke zuwan 'yan sanda a ƙarshe. Mai ba da umarni ya so ya ja, sai malam ya yi masa tambaya biyu: motar wa za ku fasa, kuma me mai kallo ya sani wanda yarinyar ba ta sani ba? Ta biyun ce ta gyara mana fim. Muka koma muka sa mai kallo ya hango inuwar mutum a bayanta tun a minti na biyu, ita kuwa ba ta waiwaya ba sai a na bakwai. Wannan tazarar ita ke riƙe numfashin mai kallo, kuma ba ta ci mana ko sidi ɗaya ba. Da ya sa hannu a shafin farko na yi kofi da yawa na shafin, domin kusan duk inda na je bayan nan sai an tambaye shi.

Daga nan sai wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe. A nan ne ruɗanin farko yake, don ba wanda zai gaya muku cewa wasiƙa ɗaya ba ta isa ba. Wadda aka rubuta "ga duk wanda abin ya shafa" ba ta da nauyi a ofis, kowane ofis yana so ya ga sunansa a sama. Antin da ke bugawa a ofishin sashe ce ta ja ni gefe ta ce in kawo mata jerin wuraren da zan je tun yanzu, ta buga duka lokaci guda, shugaban sashe ya sa hannu a zama ɗaya, don idan ya tafi taro sai a yi mako ba a kama shi ba. Na kai mata uku: majalisar gunduma, 'yan sanda, da mai unguwa. A kowace akwai sunayenmu da lambobin ɗalibtarmu, sunan fim, unguwar da za a yi aiki, da kwanakin aiki. Ta ba ni shawarar da ta cece mu daga baya, cewa kada a rubuta rana ɗaya tak, a rubuta daga ranar kaza zuwa ranar kaza, a bar sarari saboda ruwan sama da rashin lafiya. Wasiƙar kyauta ce, abin da ta ci shi ne haƙuri. Ku tabbata akwai hatimi a kan sa hannun kafin ku bar wurin.

Ma'ajiyar kayan aiki ta makaranta ba ta da isassun kaya, kowa ya sani, kuma dukan rukunoni a wata ɗaya suke son kyamara. Ana rubuta suna a littafi, wanda ya riga shi ke samu. Ranar karɓa ana ajiye katin ɗalibi, mutum ɗaya ya sa hannu cewa idan abu ya lalace a wuyansa yake. Ku kunna komai a gaban mai ma'ajiya, ku ƙirga batura, ku ɗauki hoton duk wani tsagu ko karce da ke jiki, ko da yana hararar ku. Mun samu kyamara, ƙafarta, da makirufo mai sanda. Katin ajiya da rumbun kwamfuta a Circle muka saya, layin Tip Toe, kuma mai ɗaukar hoto ba ta biya ba sai da ta zuba bidiyo mai nauyi a katin ta ga ya ɗauka, don akwai masu rubutun 128GB a jiki amma cikinsu bai kai haka ba. Tufafin 'yan wasa gwanjo ne daga kasuwar Kantamanto, kuma mayafin jarumar biyu muka saya iri ɗaya saboda ɗaya zai ɓaci. Kowannenmu ya zuba sidi 400 a farko, 2,400 ke nan, amma sai da muka ƙara har abin ya haura 3,000. Abinci da kuɗin mota su suka cinye fiye da rabi. Mutum goma sha wani abu da ke tsaye har tsakar dare sai shinkafa da wake, sai shayi, sai ruwan leda buhu-buhu, kuma bayan ƙarfe ɗaya babu trotro, wato bas ɗin haya, tasi za ka ɗaukar wa wanda gidansa ke Madina ko Ashaiman.

Majalisar gunduma ba ta ba ni wahala ba, abin da ya ɗaure mini kai shi ne sanin wadda zan je. Tun 2018 aka rarraba yankin Ayawaso, Nima ta faɗa Ayawaso ta Gabas, Mamobi ta faɗa ta Arewa, ga shi babbar kwata ce kawai ta raba unguwannin biyu. Idan kiyos ɗinku yana wannan tsallake, gidan kuma yana wancan, gunduma biyu ke nan. Mu muka tattara komai a ɓangaren Nima don a huta. Na bi layi tare da masu neman izinin gini da masu biyan kuɗin shago, na miƙa wasiƙa, aka buga hatimin karɓa a kofina. Jami'in ya tambaye ni ko za mu tare titi ko mu kafa rumfa, na ce a'a. Ya ce to abin da ya rage ba a ofishinsu yake ba, in je in ga asambuliman na wurin, wato kansilan da ke wakiltar unguwar a majalisar gunduma.

Shi kuwa asambuliman ba a ofis ake samun sa ba. Bayan la'asar na same shi a bakin wani shago, waya biyu a hannu. Ya karanta wasiƙar a tsaye, ya ce shi ba shi da matsala, amma lungun da muke so yana da dattijo, kuma ba a shiga gaban dattijon nan da takarda a hannu kamar mai karɓar haraji. Ya ce in nemo namiji babba daga gidanmu ya raka ni. Raina bai so ba, don ni ce na san aikin, amma na san garinmu. Kawuna ya sa babbar riga, muka sayi goro, muka tafi bayan magariba tare da mai ba da umarni. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Kawu ya faɗi 'yar wace ce ni, har aka gano kakata da matar dattijon sun yi makarantar allo ɗaya. Sai da aka gama wannan duka ya juyo gare ni.

"'Yata, an ce akwai ɓarawo a wasan naku."

"E, Baba, akwai wanda ke bin yarinyar."

"Ɗan ina ne?"

Na ce labarin bai faɗa ba.

"To mai kallo zai faɗa. Duk wanda ya ɗauko kyamara ya shigo unguwar nan, ko kwata yake nema ko 'yan shaye-shaye. Kudus da ke buga ƙwallo a Ingila ba a nan aka haife shi ba? Wa ya zo ya ɗauki filin da ya koya? Yanzu kuma namu na gida za su ɗauki lungunmu su kai wa baƙi su ce ga inda ake tare mata."

Ban ga laifinsa ba. Duk ɗan Nima da ya taɓa faɗin unguwarsu a wurin neman aiki ya ga yadda fuska ke canzawa. Amma ban yarda a cire mai bin yarinyar ba, domin mata masu kiyos suna jin wannan tsoron da gaske, a Nima da East Legon, unguwar masu kuɗi, duka. Na gaya masa haka cikin ladabi, Kawu yana taka mini ƙafa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya tambaya: idan ta yi ihu, me ke faruwa? Mai ba da umarni ya ce ba kowa, lungun shiru. Duk zauren aka yi dariya. Wani ya ce a Nima ko akuya ta yi kuka da dare sai ƙofa biyar ta buɗe. A nan ƙarshen fim ɗinmu ya canza: ta yi ihu, ƙofofi suka buɗe, fitilun waya suka cika lungun. Mai ba da umarni ya kwana biyu yana ƙunƙuni cewa an taɓa masa fasaha, ni kuwa har yau ina ganin dattijon ya fi mu sanin labarin. Ya ce liman zai sanar bayan isha'i, ya kuma haɗa mu da samarin bes, wato majalisar hira da ke bakin lungun, masu dafa ataya har asuba, ya ce su ne idonsa.

Zuwa wurin 'yan sanda shi ne matakin da rukunoni da yawa ke tsallakewa, suna cewa ai aikin makaranta ne. Wanda ya farka cikin dare ya ji mace tana ihu, ya leƙo ya ga ƙato da baƙar hula yana bin ta da wuƙa, bai san da wata makaranta ba. Kowa a ƙasar nan yana tuna watan Mayun 2017, lokacin da mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe Manjo Maxwell Mahama, yana kyaftin a lokacin, ya fito motsa jiki aka ga bindiga a jikinsa aka ɗauka ɗan fashi ne. Wannan ne a raina lokacin da na shiga caji ofis. Na miƙa wasiƙa a kanta, aka ce in jira, na zauna a benci tsakanin masu ƙarar satar waya da wasu mata biyu da suka yi faɗa a kan ruwan famfo. Gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili, haka wurin yake sa mutum. Da aka shigar da ni wurin babban jami'i ya nemi jerin sunayen duk wanda zai kasance a wurin, kofin Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, na mu shida, sunan lungun, da ƙarfe nawa zuwa nawa. Na fito da wuƙar roba daga jaka na ajiye a teburinsa, ya lanƙwasa ta ya mayar mini. Ya ce abu biyu kada ya ji: bindigar wasa, da kakin ɗan sanda ko na soja, don sa kaki ba da izini ba laifi ne ko a fim. Ya buga hatimi a kofina, ya ba ni lambar masu sintirin dare ya ce in kira su duk daren da za mu fara. Ban biya komai ba, ba a kuma tambaye ni ba.

A nan ne kuma maganar ƙaramin jirgin ɗaukar hoto da muka so mu yi amfani da shi ta mutu. Sai an yi masa rajista a hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, sannan Nima tana maƙwabtaka da fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House, ga asibitin sojoji na 37, ga filin jirgin sama ba nisa. Hoton saman rufin kwano da muke so, daga benen wani Alhaji muka ɗauke shi.

Gidan da jarumar ke shiga a ƙarshe gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya. Hajiya mai gidan ta yarda nan take, amma yardarta ba ta wakilci 'yan haya ba, sai da na bi ɗaki-ɗaki. Wani direba da ke fita ƙarfe huɗu na asuba ya ce shi dai a gama hayaniya kafin ɗaya, muka kuma cika masa. Na sayi katin wuta na sidi 100 na zuba a mitar gidan tun kafin a tambaya, wannan ya kashe magana da yawa. Kowane mai fitowa a fim, har mai sayar da indomi da ake gani a bayan kiyos, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar amincewa, bayan na karanta masa da Hausa. Akwai yaro ɗan shekara tara a labarin, ƙanen jarumar. Dokar Yara ta 1998 ta hana sa yaro aiki tsakanin ƙarfe takwas na dare da shida na safe, don haka fitowarsa da rana muka ɗauka a cikin ɗaki, muka toshe taga da baƙin bargo, mahaifiyarsa tana zaune a gefe. Jarumar ɗaliba ce 'yar shekara 21, amma sai da na je gidansu na durƙusa gaban mahaifinta. Sharaɗinsa biyu: yayanta zai kasance a wurin kowane dare, kuma babu namijin da zai taɓa ta. Shi ya sa a fim ɗin jakar ake fizga, ba a kama hannu ba.

Daren ɗauka yana da nasa lissafin. A Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri, saboda haka hoton rufe kiyos da sauran hasken magariba dama ce ta 'yan mintuna. Bayan nan a tsaya a yi salla, a ci abinci, a jira isha'i ta wuce, a jira okada su ragu. Labarin ya ce an ɗauke wuta, amma kyamara ba ta ganin baƙin duhu, duhun fim sai an haɗa shi. Muka roƙi maƙwabta suka kashe ƙwayayen waje, muka haska fitilun caji biyu a jikin farin zane don hasken ya dawo da laushi, sauran kuma hasken wayar jarumar ne a fuskarta. Wani yayan abokinmu da ya gama NAFTI, makarantar fim ta gwamnati da aka kafa a 1978 wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UniMAC, shi ya ja mana kunne a kan wani abu da ba a koya mana a aji ba. Wutar Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka a saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawarta 1/50. Wayoyi da yawa a 30 suke zuwa, shi ya sa za ka ga ratsi-ratsi yana yawo a bidiyo a ƙarƙashin wasu ƙwayaye. Jini kuma sobolo ne, wato zoɓo, mai kauri da zuma da ɗan garin koko, ya yi kyau a hoto, sai dai tururuwa.

Sauti ne ya fi ba mu wuya. Nima ba ta barci: rediyo, wa'azi a lasifika, masu kallon ƙwallo, injin markaɗe. Wani dare wuta ta ɗauke da gaske, muka yi murna, ashe ba abin murna ba ne, don nan take janareto suka tashi ta ko'ina, ba mu tsinci kalma ɗaya mai amfani ba. Wanda jadawalinsa ya ba shi zaɓi ya sani cewa masarautar Ga, 'yan asalin Accra, takan hana kiɗa da amo na wata guda, daga cikin Mayu zuwa Yuni, gabanin bikin Homowo, gari yakan ɗan lafa. Sai dai lokacin ne kuma ruwa ya fi ƙarfi, kuma lungun da kwata ta cika ba wurin kafa kyamara ba ne.

Abin da nake tsoro ya faru a daren ihu. An sanar a masallaci, na kira masu sintiri, samarin bes suna tsaye a bakin lungun ta kowane gefe. Jarumar ta ƙwalla ihu, sai wata ƙofa da ba ta cikin shirinmu ta buɗe da ƙarfi, wani tsoho ya fito da taɓarya, 'ya'yansa biyu a bayansa. A ranar ya dawo daga Bawku, bai ji sanarwa ba. Kai tsaye ya nufi mai baƙar hula. Ƙafafuna suka ƙi motsi. Samarin ne suka sha gabansa suna cewa, "Baba, wasa ne, wasan makaranta ne, ga 'yar gidan wane," har ya sauke hannu yana haki. Takardun da ke jakata masu hatimi uku ba wanda ya tambaye su a wannan minti ɗin. Da ya huce ya yi mana faɗa sosai, sannan ya sa aka kawo masa kujera ya zauna kallo. Daga nan, kafin kowane ihu sai yara biyu sun bi ƙofofi suna faɗa, mai baƙar hula kuma da an ce a tsaya yake cire ta ya zo ya tsaya kusa da ni cikin haske.

Tacewa a kwamfutar ɗaya daga cikinmu aka yi, da manhajar DaVinci Resolve ta kyauta. Kowane dare kafin a kwanta ana juye abin da aka ɗauka a wuri biyu, rumbu ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun mai tacewa. Yawancin maganganun sake naɗar su muka yi a ɗakin kwana, muka jingina katifu a bango. Mun bar 'yan wasa su yi Hausarsu ta zango yadda suke yi a gida, ba mu tilasta musu ta finafinan Kano ba, sannan muka sa fassarar Turanci a ƙasa saboda malaman da za su ba da maki. Waƙar wani ba ta shiga ba, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005 tana nan, ga ƙungiyar GHAMRO mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, kuma YouTube kan kama waƙa tun kafin mutum ya kama. Muka cika fim ɗin da ƙarar silifa a jiƙaƙƙen siminti, ɗigar famfo, da kwanon rufi yana motsi.

Ranar kare aiki malamai uku ne suka zauna. Sun kalli fim sau ɗaya, amma fayil ɗin takardu sun juya shi shafi-shafi: labari mai sa hannu, jadawali, kasafin kuɗi da rasitai, wasiƙu masu hatimi, takardun amincewa. Yana da makinsa daban, kuma wani rukuni da fim ɗinsu ya fi namu kyan hoto a nan suka zube. Ku fara tara rasit tun daga ranar farko, har na mai shinkafa, ko a takardar littafi ne ta rubuta ta sa hannu.

Da za a tambaye ni tsarin da ya fi, zan ce da zarar malam ya sa hannu a fara da unguwa, wasiƙun ofis suna tafiya a gefe. Dattijon lungu zai iya canza muku labari ko ya hana ku wurin gaba ɗaya, gara ku ji tun ba ku rubuta sunan wurin a wasiƙa uku ba. A raba aikin neman izini da na ba da umarni, mutum ɗaya ba zai iya duka ba. Kuma a sa ɗan unguwa na ainihi a gaba, wanda za a ce ɗan gidan wane ne, ko da ba shi ne ya fi iya magana a aji ba.

Saura maganar nunawa. Mutanen lungun sun matsa a kafa farin zane a fili kowa ya gani, amma malam ya ce a dakata. Nunawa a aji jarrabawa ce, nunawa ga jama'a kuwa ta shiga ƙarƙashin dokar fim ta 2016, wadda ta kafa Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, kuma ita ke tantance fim ta faɗi shekarun da suka dace da kallonsa kafin a haska shi a bainar jama'a. Don haka kwamfuta muka ɗauka muka kai zauren dattijon da tsakar gidan Hajiya, waɗanda suka yi aikin suka gani. Idan kuna da niyyar kai naku bikin fina-finai ko ku ɗora a intanet, ku rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardar amincewa tun ranar farko. Malam ne ya ƙara mana wannan layin da biro kafin mu buga. Rukunin da tasu ta ce "don aikin makaranta" kawai, yanzu suna yawon neman wani mai gyaran takalmi da ya fito a fim ɗinsu, an ce ya koma Tamale.